Lakar Zauro a Takalmin Ciyaman

Cikin shekarun da na yi ina aikin duba fina-finai, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce wata Talata, mako biyu kafin babbar Sallah, da Sanusi ɗan Argungu ya kawo mana fim ɗinsa na uku.

Bari in fara da yadda aikin yake, saboda ku da kuka zo daga baya. Mu biyar ne a kwamitin, a wani ɗaki mai baƙin labule nan Birnin Kebbi: ciyaman, mambobi uku, sai ni sakatare, wanda aka ɗauko daga aji ina koyar da adabi, bisa zaton mai gyara insha'in yara zai iya gyara fim. Mai fim yakan zauna a bencin baya, ba ya magana sai an tambaye shi. Wanda ya ga abin da bai dace ba sai ya ɗaga hannu ya ce a yanke, ni kuma in rubuta mintin. A shafin ƙarshe na ƙa'idojinmu akwai wata doka, cewa ba a yanke wuri sai an maimaita shi gaban mai fim an rubuta dalili. Ban taɓa ganin an yi aiki da ita ba. Ni ma na san da ita ne don ni kaɗai na karanta takardar har ƙarshe.

Ciyaman ɗinmu, Alhaji Bawa, dattijo ne mai gaskiya, yana da gonar shinkafa a fadamar Zauro. Yana idar da sallar asuba can yake nufa, daga can ya wuce ofis. To, ga gajiya, ga duhu, ga fanka. Ba a yin rabin fim sai kansa ya sunkuya. In ya farka kuwa, sai ya ɗaga hannu ya ce a yanke duk abin da ya tarar a allo, don kada a ce bai kalla ba. Haka fina-finan Sanusi biyu na farko suka fito da giɓi kamar bakin tsohuwa.

Ran nan tun a bakin ƙofa Sanusi ya shaida mini cewa mahaifinsa, wanda masunci ne, ya yanka masa wa'adi: in fim ɗin nan bai fito da Sallah ba, ya ajiye kyamara ya dawo ya kama taru. Yanka ko ɗaya kuwa na nufin a koma ɗakin tacewa, a dawo a bi layi, wata guda ya tafi.

Fim ɗin a kan masu yin fim ne, kuma bai bar kowa ba. Ga furodusa da ya rantse sai an sa waƙa da rawa ko da a zaman makoki. Ga jarumi da ya fito a talakan manomi amma ya ƙi cire agogonsa. Ga jaruma da hawaye ya ƙi zo mata, darakta na kiran a ƙaro albasa. An je har bakin gulbin Argungu ɗaukar masunta, amma kifin da suka jawo daga firji aka sayo shi, ya sandare kamar muciya. Abin da ya burge ni, Sanusi ba ya nuna maka inda za ka yi dariya. Yakan kafa kyamara ya bar mutum da halinsa. Hajiya Kulu, ɗaya daga mambobinmu, ta yi ta danne baki da gyale.

Can wajen ƙarshe, 'yan fim na cikin labarin suka kai aikinsu gaban kwamiti. Sai ga baƙin labule, ga fanka, ga wani siririn sakatare da jan biro yana gyara waƙafi a takardar da ba wanda zai karanta. Wannan ni ne, har da yadda nake tura tabarau da ɗan yatsa. Sai ga ciyaman yana minshari, ya farka firgigit ya ce a yanke.

Na waiga. Alhaji Bawa barcinsa yake yi. Dariyar Hajiya ce ta kuɓuce ta tashe shi, ya ɗaga hannu.

"Sakatare, a yanke wanga wuri."

Da na rubuta mintin, da dattijo ya tsira da girmansa, Sanusi kuma ya kama taru. Na dubi bencin baya, na ga ya cire hula ya riƙe a hannu. Sai na buɗe shafin ƙarshe.

"Ranka shi daɗe, doka ta ce sai an maimaita, a rubuta dalili."

"Mi kac ce? Wace doka?"

Na karanta masa da muryar da nake yi wa yara shifta. Ya ce to, a maimaita.

A kallo na biyu ne na lura da abin da dariya ta hana ni gani. Bayan ciyaman na cikin fim ya ce a yanke, kyamara ba ta tsaya a fuskarsa ba. Ta sauka a hankali, ta bi babbar riga mai guga, ta tsaya kan takalminsa, ya yi kaca-kaca da ɗanyar lakar fadama, har da karan shinkafa manne a dunduniya. Ba kiɗa, ba magana. Ta daɗe a wurin har sai da duk mai dariya ya ji kunya.

Alhaji Bawa ya sunkuya ya dubi ƙafarsa. Sannan ya kira Sanusi gaba, ya tambaye shi yaushe ya ga takalminsa.

"Baba, sau biyu ina zaune bayanka. Daga bencin can, ƙafafu kaɗai aka gani."

Dattijo ya gyara zama, ya ce in rubuta ba a yanke komai ba. Sannan ya ƙara da cewa a gaya wa mai wasan ya yi ƙarya wuri ɗaya, shi ba ya minshari.

"Alhaji, kana yi," in ji Hajiya Kulu. Wannan ban rubuta ba.

Fim ya fito ranar Sallah. Na ji an ce mahaifin Sanusi ya je ya kalla a Argungu, kuma abin da kawai ya ce shi ne kifin nan ya ci mutuncin gidansu.

Abin da na koya shi ne, ba'a iri biyu ce. Akwai ta wanda ya hango ka daga nesa ya yi dariya, akwai ta wanda ya dube ka tun daga hula har takalmi. Ta biyun tana da zafi, amma ba ta wulaƙanta mutum, kuma ita ce aikinmu ya kamata ya kare. Ku kuma karanta takardunku har shafin ƙarshe.

Alhaji Bawa bai daina barci ba har ya yi ritaya, don shinkafa ba ta daina son a zo mata da asuba ba. Sai dai daga ranar, in ya farka ba ya ɗaga hannu. Yakan karkato wajena ne ya ce a hankali, "Sakatare, mi ya wuce?"