Farantin Roba Shuɗi

Mu biyar ne a gidan haya a unguwar Madinat Nasr a ƙasar Masar, duk ɗalibai mata daga arewa, kuma a tire ɗaya muke cin abinci. Shinkafar Masar mai danƙo muke tuƙawa, mu ci da miyar kukar da ake aiko mana daga gida. Ni ce acici a cikinmu, har suna tsokanata wai hannuna ya fi na kowa sanin inda nama yake.

A shekarata ta biyu, wata daga cikinsu ta ari wayata za ta kira gida, sai ta karanta saƙonnin da ke tsakanina da wata Bahaushiyar Sudan da ke zaune a unguwar Arba wa Nus. Sonta nake yi, ba irin na ƙawance ba. Ta kai wa sauran labari. Washegari da rana na tarar an zuba min nawa daban, a farantin roba shuɗi da muke tara ƙashi a ciki.

Kwana uku na ci a cikinsa, su suna can sun kewaye tire. A na huɗu na ce azumi nake yi. Ƙarya ce, kunya ce kawai ta cika min ciki. Amma na ga fuskokinsu sun saki, sai na ci gaba. Litinin da Alhamis, daga nan kwana ɗaya bayan ɗaya, daga nan kullum. Da magariba dabino biyu da shayi. In yunwa ta ci ƙarfina, in sayi burodi da wake a bakin titi, in cinye a tsaye kamar ɓarauniya, in dawo in amayar a banɗaki da famfo a buɗe.

Babbarmu, wadda muke kira Yaya, har misali take yi da ni. “Masha Allah, ku dubi yadda tuba ke gyara mutum.” Mata huɗu masu haddar littattafai, ba wadda ta ga cewa ciwo ne. Abayata ta koma kamar ta aro, al'adata ta ɗauke, sau biyu ina faɗuwa wajen sauka daga motar haya. Waccan baiwar Allah ta Sudan kuwa na daina ɗaga wayarta. Na gaji da komai, har da jin haushi.

Bayan wata bakwai, ranar wata Juma'a, Yaya ta matsa gefe ta buɗe min wuri a bakin tire.

“Khalas, shi ke nan, ƙanwata. Yalla, zo ki sa hannu.”

Abin da nake jira ke nan tun ranar farko. Na wanke hannu, na zauna, na yanko loma. Na tauna, na tauna, ta ƙi wucewa. Hawaye ya zubo min.

“Ku ƙyale ta,” in ji Yaya, tana murmushi. “Ta saba da ibada.”

Suka ci gaba da ci, ni kuma ina riƙe da lomar a baki.