Ruwan Saman da Aka Sayo

Ranar wata Laraba, a daminar da na shiga aji huɗu a Roni, wani ma'aikacin rediyo ya zo daga Kano da rikoda don ya ɗauki wasan kwaikwayon makarantarmu. Ni ba a ba ni magana ba, sautin ruwan sama aka ba ni in yi. Tun kafin ranar na kasa zama wuri ɗaya. Da na zube wa awaki ciyawa sai in ɗebo gero, in yi ta zuba shi a ƙwarya, a tabarma, a kan busasshiyar fata, ina neman sautin ruwan shuka in ya sauka a kan rairayin gonarmu. Kakata tana kaɗi a gindin rumbu, ko ɗagowa ba ta yi, takan ce, "Rage hannu, ɗan nan, wannan ai ƙanƙara ce."

Ranar da za a sa wasan, gida gida na bi na tara mutane a zauren Baffa. Da aka zo wurin ruwan, sai muka ji wani abu yana kwarara a kan dutse da gilashi. Ba nawa ba ne. Baffa ya karkata kunne ya ce, "Wannan dai ba a gona ya sauka ba." Aka yi dariya, ni kuwa na sulale. Daga baya malaminmu ya ce gidan rediyon yana da faya-fayan garmaho da aka sayo daga Turai, cike da ruwa da tsawa da haushin kare, shi ya sa aka cire nawa.

Na girma na yi yawo, kunnena bai huta ba. A silima a Alƙahira, a rediyo a Yamai, ana Larabci, ana Faransanci, amma ruwan kamar ɗaya. Kamfani yakan ɗauki sauti sau ɗaya ya sayar wa duniya, kuma ban musa ba, ya sauƙaƙa aiki.

Yanzu jikana yana haɗa fim a Kazaure. Bara ana tsaka da ruwa na ga ya rufe taga don kada ƙarar ta dame shi, yana laluben ruwan sama a intanet. Namu yana ta zuba a tsakar gida, babu mai ɗauka.