Ƙanzon Inna

Jiya ina kwashe kaya a gidanmu na Cadawa, sai ga ɗan littafin gajerun labarai na zamanin da nake karatu a lakol.

Na tuna ranar da na karanta wa Inna ɗaya, tana tsintar wake. Labarin wata uwa ce mai cin ƙanzo kullum, wai ya fi mata daɗi, alhali tuwon ne ba ya isa.

Inna ta tsaya cak. "Wa ya gaya masu?"

Na yi dariya. "Inna, ƙagagge ne fa."

"To, sake karanto mani wurin."

Wanda bai san ta ba ya gan ta, ni mai cin tuwonta ban gani ba. Allah Ya jiƙan Inna.

Ku fa, me taku take cewa ta fi so?