Dakalin Kawu Zauna-mu-gani

Kawuna magini ne, wan mahaifiyata, kuma a layinmu ba mai kiransa da sunansa na yanka. Zauna-mu-gani ake ce masa. Ya samo sunan ne daga wata ɗabi'a da ta sha haɗa shi faɗa da masu ba shi aiki: duk gidan da ya gina sai ya yi masa dakali a ƙofa, ko an sa shi ko ba a sa shi ba. Kuma ba ya auna dakali da tef. Sai ya sa a kira masa wanda ya fi kowa tsufa a gidan, ya ɗora bulo a kan bulo, ya ce, "Zauna mu gani." In ƙafa tana reto ya rage, in gwiwa ta taso sama ya ƙara. Yakan ce zama ba wuya, tashi ne aikin, don haka gwiwar tsoho ce ma'auninsa.

Ni tela ce, shagona yana kallon ƙofar gidansa, saboda haka na sha jin ra'ayinsa a kan gine-ginen birni har na haddace. A wurinsa gidaje iri biyu ne, mai fuska da mai ƙeya. Mai fuska shi ne wanda za ka wuce ka ga mutum a ƙofa ku gaisa. Mai ƙeya kuwa irin na sababbin unguwanni ne, katanga ta tashi sama, an yi mata rawanin waya, ƙofar ƙarfe a rufe ruf, sai ka yi shekara ba ka san ko maƙwabcinka yana da rai ba. Da na tsokane shi cewa ai rabin katangun nan da hannunsa ya ɗaga su, sai ya ce ciki ne ya ɗaga su, ba shi ba. Ya taɓa yi wa wani mai kuɗi dakali a jikin irin wannan katanga, washegari mutumin ya sa aka fasa. Kawu ya yi kwanaki yana zagin mutumin kamar ɗansa aka dakar masa.

Dakalin ƙofar gidansa kuwa ba nasa ba ne, na matarsa ne, wadda muke kira Inna. Tun da ƙarfinta a nan take kasa zare da allura da sabulu. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ta, ƙafa ɗaya ta daina jin magana, harshe ya yi nauyi, sai duniyarta ta dawo daga gado zuwa dakalin nan. Kullum da safe Kawu zai riƙo ta ya zaunar, ya tafi aiki. Masu wucewa su gaishe ta, mata su tsaya su ba ta labarin wa ya haihu, wa ya yi yaji. Ranar da ruwan sama ya hana ta fitowa, ko abinci ba ta ci sosai. Likita ma ya ce kada a bar ta a ɗaki ita kaɗai.

Sai hukumar tsara birni ta zo da jan fenti da igiyar shata iyaka. Za a gyara layin, a haƙa magudanar ruwa gefe da gefe, duk abin da ya fito waje daga iyakar fili sai ya tafi: rumfa, matakala, shagon katako, dakali. Ni ma an shafa wa rumfata. Na yi ta masifa, ba zan ɓoye ba, amma a raina na san suna da gaskiya. Kowa ya ɗan ci hanya, wannan taku ɗaya, wancan taku biyu, har layin ya zama lungu. Damina ta zo mu kwana kwasar ruwa. Ranar da Inna ta faɗi ma mota ba ta iya shigowa ba, a kan tabarma aka ɗauke ta har bakin titi. Kawu ne ya riƙe wajen kai, ya fi kowa sanin nisan tafiyar nan.

Duk da haka, da ya dawo ya ga jan fenti a jikin dakalin, sai ya rikice. Ya ce masu zana birni a takarda ba sa tsufa ne, shi ya sa suke wa mota hanya su manta da mai ƙafa ɗaya. Ya rantse sai dai katafila ta bi ta kansa. Maƙwabta suka yi ta zuga shi, tun da kowa yana so dattijo ya shige gaba ya fake a bayansa. Inna kuwa tana zaune a kan dakalin. Na ga tana shafa wurin fentin da hannunta mai lafiya, kamar mai son goge shi, abin ya tsaya mini a rai.

Jami'ar da ke kula da aikin wata matashiya ce doguwa, mai tafiya da tef a aljihun riga. Ranar da ta dawo duba layin, Kawu ya tare ta. Na bar keken ɗinki na fito don na san za a yi ta. Ya yi mata wa'azin gida mai fuska da mai ƙeya daga farko har ƙarshe, ita kuwa ta saurara ba ta katse shi ba. Ta durƙusa ta gaida Inna, sannan ta miƙe ta ce ba za ta yi masa ƙarya ba, dakalin zai tafi, domin in ta bar nasa ba ta da bakin hana na kowa.

"Baba," ta ce, "daga igiyar nan zuwa waje na jama'a ne, ba ni da ikon ba ka. Daga igiyar zuwa ciki kuma naka ne, ba ni da ikon hana ka."

Kawu ya ce ai ciki katanga ce. Ta ce ta gani. Ta yi sallama ta wuce gida na gaba.

Kwana biyu Kawu yana ta kai da kawowa. Ina kallonsa daga shago, ya fito ya tsaya ya zura wa katangarsa ido, ya shiga, ya sake fitowa. Bayan katangar nan ɗakinsa ne, inda yake ajiye kayan aiki, yake kishingiɗa da rediyonsa, ɗan wurin da ya rage masa shi kaɗai a gida mai cike da jikoki. Rana ta uku da safe sai na ji ƙarar guduma. Na leƙo a guje, na ɗauka masu rusau ne. Ashe Kawu ne da kansa. Ya fara da dakalin, ya fasa shi tas, sannan ya juya kan katangar ɗakinsa.

Maƙwabta suka ce tsufa ya taɓa shi. Ni ma na haye na ce, "Kawu, lafiya? Ba su ce ka rushe ɗaki ba fa." Bai ko ɗago ba, ya ce in matsa kada bulo ya faɗo mini a ƙafa.

Abin da ya yi shi ne, ya janye katangar zuwa ciki, ya ci kusan rabin ɗakinsa, ya zuba linta a sama don ta riƙe rufin. Sai ga wani ɗan loko ya fito a fuskar gidan, mai inuwa, yana kallon layi, duk a bayan igiyar hukuma. Ɗakin nasa ya koma ɗan akurki, da ƙyar katifa ta shiga, kayan aiki suka koma ƙarƙashin gadon jikoki. Kwanakin aikin duka Inna tana ciki, ta rame, ta daina tambayar kowa. Shi ya sa yake aikin kamar ana korarsa.

Da jami'ar ta zo ta ja tef, ta ga ko yatsa bai fito ba. Ta tsaya a cikin lokon ta ɗaga kai, ta tambaya ko zai yarda ta turo masa mutanen layin baya su gani, don su ma rigimarsu ke nan. Ya ce ta turo, amma kowa ya zo da tsohonsa. Yanzu gida huɗu ko biyar a layinmu sun janye katanga. Wasu sun ƙi, sun ce ba za su ba titi ɗakinsu ba, kuma ban ga laifinsu ba. Magudanar dai an haƙa, mota tana shiga har ƙofar kowa.

Ranar auna sabon dakalin ina wurin. Ya jera bulo, muka riƙo Inna muka zaunar. Ya tsuguna yana duban gwiwarta, ya ƙara ɗan tsayi a kan na da, domin tashi ya ƙara yi mata wuya. Ya dasa ƙarfen dafawa a gefen hannunta mai lafiya. Da siminti ya bushe muka fito da ita, ta dubi layin sama da ƙasa, wata mai wucewa ta tsaya tana mata barka da fitowa. Kawu yana gefe a tsaye, hannu a baya, kamar yadda na saba ganinsa. A lokacin na lura cewa duk dakalan da ya gina a birnin nan ban taɓa ganinsa a kan ko ɗaya ba.

Inna ta ja jiki gefe da ƙyar, ta dafa wurin da ta bari. Maganarta ba ta fita sosai, amma duk mun ji.

"Malam, zauna mu gani."

Ya zauna. Ƙafarsa ta taka ƙasa daidai.