Idon Inna da Farar Ƙasar Buhu

Shekarun baya, ina budurwa a ƙauyenmu kusa da Attantane, aka yi wata shekara da damina ta yi mana rowa. Gero ya bushe tun bai fid da kai ba, rijiya kuma ta ja ruwanta can ƙasa, sai an ƙara igiya kafin guga ya taɓa. Lokacin soja ke mulki. A cikin wannan hali ne mai gari ya sa aka yi shela cewa wani babban soja zai ratsa ta hanyarmu, duk gidan da ke bakin hanya sai an shafa masa fari. A zamanin nan ba a cewa don me.

Gidanmu na bakin hanya, kuma mahaifiyata gwanar shafe ce. Idan za a kai amarya, ita ake kira ta gyara ɗaki. Kayan aikinta ƙwarya ce da tsumma da tafin hannunta, sai turmi da take kifawa ta hau in wuri ya yi mata tsawo. Farar ƙasar da ta saba da ita daga rami ake haƙo ta, mai sanyi ce, ko fuskarka ka shafa ba abin da za ta yi maka.

Amma wadda aka kawo mana a mota cikin buhu daban ce, a ido kawai suke kama. Da muka zuba mata ruwa sai ta kama tafasa tana hayaƙi. Inna ta ja baya tana dariya, ta ce, "Yau ga ƙasa mai dahuwa ba wuta." Ni ma na yi ta dariya, har da kiran ƙawata ta zo ta ga abin mamaki. Wayona ke nan a lokacin.

Kawuna, wanda ya taɓa aikin gini a Maraɗi, ya leƙo ya ce, "Yaya, wagga ba irin taku ba ce, tana cin hannu. Bari in daka maki kaba in ɗaura a sanda, ki riƙa shafawa daga nesa."

Ta ce, "Kai dai tahi. Tun ba ka san hagu da dama ba nike shafe."

Ta yi katanga da tsumma, hannuwanta suka yi jajir, ta ci gaba da shafe. Da ta zo saman ƙofar zaure sai ta hau turmi, ta ɗaga kai tana miƙa hannu. Ina riƙe da ƙwarya na ga tsumman ya ɗiga mata a ido. Ihun da ta yi har yau yana kunnena.

Nan da nan mata suka cika zaure. Wata ta ce a sa kwalli, wata ta ce a nemo nono. Kawu ya ratso su da gudu yana cewa, "Ruwa! Ku kawo ruwa, a yi ta zubawa kar a tsaya!" To, ruwan da muka sha wahalar ja tun safe duk ya tafi a kwaɓi. Tulu ɗaya ya rage a gidan, shi ne na sha da na tuwo, ga ƙannena ƙanana.

Na ɗauko tulun, kawu ya buɗe mata idon da yatsu ina tsiyayawa. Ba mu kai rabi ba ta riƙe wuyan hannuna gam.

"Ya isa. Yara mi za su sha?"

Kawu ya ce, "Yaya, idonki hwa!"

Ta ce, "Na ce ya isa. Ya yi sanyi."

Bai yi sanyi ba, ina ganin yadda take cije leɓe. Maƙwabta suka taimaka da abin da ya samu, moɗa-moɗa, amma kafin a tattaro an ɗau lokaci, kowa tulunsa ya kusa ƙasa. Washegari muka kai ta likita a Mayahi cikin amalanken jaki. Malamin da ya duba ta ya wanke idon ya ɗaure, sannan ya tambaye ni ko an zuba ruwa da yawa tun farko. Na sunkuyar da kai. Bai ƙara tambaya ba.

Da aka kwance ƙyallen, idon hagu ya yi fari fat. Bai sake gani ba. Ban taɓa jin ta zargi kowa ba, ko wanda ya kawo buhun. Ni ce na daɗe ina jin haushi, na rasa ma wanda zan ji haushinsa.

Yanzu duk lokacin da za a yi fenti a gidana, kafin a sayo burushi sai na sayo tabarau na aiki, da safar hannu, da ƙyallen rufe hanci. Tsani sai na girgiza shi da kaina, kuma sai an cika bokiti da ruwa an ajiye kusa. Masu fenti kan ce, "Hajiya, mu fa mun saba." Sai in ce na san wadda ta fi su sabawa. 'Ya'yana suna yi mini tsiya wai na mai da falo asibiti, ni kuwa ko a jikina.

Abin da na gane shi ne, gwani yana sanin kayan da ya saba da su ne kawai. Ranar da kaya suka canza, shi ma baƙo ne, kuma gwanintarsa ce ke hana shi tambaya.

Inna ta tsufa a wurina. Jikokinta sun taso sun tarar ana gaishe ta ta hannun dama, suna tsammanin ladabi ne na gidanmu. Sai ranar da ƙanena ya kawo ƙaramar 'yarsa, yarinyar ta tambayi Inna me ya sami idonta. Inna ta shafa kan yarinyar ta ce, "Ubanki ya ji ƙishirwa." Ƙanen nawa, da furfurarsa, ya tashi ya fita waje.