Mai Sayen Dusa a Cikin Hotona

Sana'ata gyaran injin ban ruwa. Shagona yana Jega Sabon Gari, amma da rani ba kasafai ake samuna a ciki ba, domin manomin albasa ba ya ɗauko inji ya kawo, sai dai ya kira ka ka je ka same shi inda injin ya mutu. Haka nake yini a kan babur, yau fadamun Aliero, gobe wajen Maiyama. A wannan yawon ne na kamu da son ɗaukar hoto da waya. Abin da ido ya saba da shi har ya daina lura nake ɗauka: rumbunan albasa da aka jera a bayan gari, tartsatsin mai walda, tirela ana loda mata buhuna, tsohon famfon gidan mai da tsatsa ta cinye. In na dawo gida sai in zaɓi ɗaya in ɗora a shafina, in rubuta sunan wurin a ƙasa. Masu dubawa ba su da yawa. Galibi 'yan garinmu ne da neman abinci ya kai su kudu, sukan rubuto su ce na tuna musu da gida.

Wata ranar ina dawowa daga aiki da la'asar na tsaya a wani injin casar shinkafa da ke bakin hanya. An tara buntu, wato ƙaiƙayin shinkafa, a bayansa kamar tsauni an cinna masa wuta, hayaƙi ya turnuƙe yana hawa sama, rana tana bayansa ta yi ja. A gaba kuma wani Bafulatani yana ɗaure buhunan dusa a bayan babur, ya juyo yana kallona. Na ɗauka, na ɗaga masa hannu, shi ma ya ɗaga. Ban san shi ba. Na ɗora hoton na rubuta cewa ana ƙona buntu ne, na manta da shi.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, ina shago na kwance wani inji, sai ga kiran yayata da ke aure a Liba, ta wajen Maiyama. Ko sallama ba ta gama ba ta fara magana.

"Ƙanena, kana ina? Kak ka biyo hanyar nan yau. An ce sun ƙone wani gari, ga hoto nan ana ta nunawa. Mun ɗaure kaya, jira mukai mu ji inda za a nuhwa."

"Wane gari, Yaya?"

"Ba a hwaɗi ba. An dai ce kusa da mu. Bari in sa a turo maka."

Hoton ya shigo, na buɗe. Nawa ne. An yanke ginin injin, an yanke tulin buntun, saura hayaƙi da jar rana da mutumin. An zagaye fuskarsa da jan layi. A ƙasa an rubuta cewa 'yan bindiga sun ƙona ƙauye a ƙasar Maiyama, wannan kuma shi ne ɗan leƙen asirinsu da ke kai musu abinci, duk wanda ya gan shi kada ya bari ya tsere.

Na kira yayata na rantse mata cewa ni na ɗauki hoton, buntu ne ke ci. Ta ce, "To ko naka na, ai an ce an gani." Na sake ɗora na ainihin a shafina da bayani, na tura shi duk wani zauren waya da nake ciki. Kamar na jefa tsakuwa a rijiya. Kafin azahar hoton da aka yanke ya sake zuwa mini ta hannun mutane daban-daban, har da wani abokin cinikina na Aliero da ya haɗa da cewa in yi hattara.

Matata ta riƙe mini hannun riga da na shiga gida ɗaukar makullin babur. "Malam, don Allah ka zamna. Kai ba hukuma ba ne. In sun haɗa da kai hwa?" Gaskiyarta ce, kuma ni ma abin da zuciyata ke faɗa mini ke nan. Na zauna a bakin gado, na tashi, na sake zama. Amma duk lokacin da na rufe ido sai in ga mutumin yana ɗaga mini hannu.

Na tafi wurin mai injin, wani dattijo Alhaji mai furfura. Ya kalli wayar ya dafe kai.

"Innalillahi! Wanga ai mutumina na. Rugarsu tana wajen Sarandosa. Tun ubanshi na da rai suke sayen dusa nan." Ya ɗaga kai ya dube ni. "Kuma yau kasuwa ta, can za ya kai tumaki. Tashi, ɗana. Ɗauke ni."

Ban taɓa jin tsawon wannan hanyar ba kamar ranar. Muka riƙa cin karo da mutane sun fito daga ƙauyuka, mata da ƙunshin kaya a ka, amalanken shanu cike da buhunan gero da tabarmi, alhali babu abin da ya koro su. Alhaji yana ɗaga musu murya yana cewa su koma ƙarya ce, ba wanda ya waiwayo. Na so taya ta fashe, ko mai ya ƙare, wani abu dai ya tsayar da mu wanda ba ni ba.

Tun daga nesa muka ga cincirindo a bakin kasuwa, ta wajen da ake sayar da dabbobi. An kayar da babur ɗin Bafulatanin an fasa fitilar. Shi kuma yana zaune a ƙasa, an ɗaure masa hannu ta baya da igiyar tumakinsa, jini yana bin gefen kunnensa. Matasa riƙe da gora sun kewaye shi. Wani mai ƙaton wuya yana riƙe da waya kusa da fuskarsa yana nuna wa jama'a. "Ku duba! Ba shi na ba? Shi na!" Mutumin ba ya kuka, ba ya roƙo. Leɓensa kawai ke motsi, ina jin salati yake.

Alhaji ya kutsa yana ture mutane da kafaɗa. Ni na tsaya a baya. Sai da ya juyo ya daka mini tsawa, "Taho ka nuna musu!" sannan ƙafata ta ɗauke ni.

Na ce, "Jama'a, ni na ɗauki hoton nan. Ga cikakkensa. Injin Alhaji ne, buntu ake ƙonawa."

Mai ƙaton wuyan ya fizge wayar. Ya kalli hoton, sai ya sa yatsa ya ja gefe. Ya ja kuma. Ina kallon fuskarsa tana canzawa yayin da sauran hotunana ke wucewa. Gada. Gidan mai. Ƙarfen sabis. Ƙofar tasha. Rumbunan albasa daga kowace kusurwa.

"Kai kuma wane ne?" ya ce a hankali. "Mi ya kai ka ɗaukar hoton gada? Wa kake aika mawa?"

"Sha'awa ce kawai."

"Sha'awa? Ku ji hwa! Sha'awar gada!"

Sai na ji da'irar ta buɗe ta haɗiye ni. Wani ya cafki wuyan rigata ta baya, wani ya zare makullin babur daga hannuna. Na ji warin zufa da ƙurar turke, na ji ana cewa "bakinsu ɗaya." Ban taɓa sanin mutum zai iya jin fitsari da ƙishirwa a lokaci guda ba sai ranar. Na buɗe baki in yi bayani, na rasa kalma ɗaya da za ta sa hoton famfon gidan mai ya zama abin hankali a kunnen mai gora. Abin da ya zo mini a rai shi ne matata tana tsaye a ƙofar ɗaki, da yadda labarin zai isa gare ta.

Alhaji ya cire hularsa ya jefar a ƙasa tsakanin ƙafafunsu. "Duk wanda za ya taɓa su ya tsallake wagga tukuna! Ku kai mu gun mai gari. In ƙarya nikai, ku ƙone injina da ni ciki." Tsufansa ya sa suka ɗan ja baya. A wannan ɗan tsakanin ne wani dillalin awaki ya leƙo ya ce, "Kai, wanga ba makaniken Jega ba ne? Shi ya tada mani inji bara." Wani ma ya ce ya san ni. Ba su fi haka ba, amma ya isa a sassauta mini wuyan riga.

Aka tasa mu a gaba zuwa zauren mai gari, ana biye da mu ana hayaniya. Mai garin ya sa aka kwance mutumin, aka ba shi ruwa. Ya karɓi wayoyin biyu ya ajiye su gefe da gefe ya daɗe yana kallo. Sannan ya tambayi taron, "Wane gari aka ƙone? A hwaɗa mani sunanshi." Aka shiga kallon juna. Ya sa aka kira masu garuruwan kewaye a waya ɗaya bayan ɗaya a gaban kowa, kowanne ya ce lafiya lau, sai dai mutanensa suna gudu. Ya juya ga mai ƙaton wuyan. "Kai wa ya turo maka?" Ya ce wani abokinsa. Abokin kuma daga wani zauren waya ya samo. Har muka bar wurin ba a gano wanda ya ja jan layin ba, kuma har yau ban san shi ba.

Jama'a suka watse da kaɗan-kaɗan, ba wanda ya ce wa mutumin yi haƙuri. Tumakinsa biyu sun ɓace a cikin rikicin. Muka kai shi wani ɗakin magani aka wanke masa rauni. Ina zaune kusa da shi a kan benci, na ce, "Malam, ka yafe mini. Ban san haka za ta faru ba."

Ya ce in nuna masa hoton. Ya riƙe wayar da hannu biyu, sawun igiya yana nan a wuyan hannunsa. Ya kalla ya kalla.

"Ka goge shi," ya ce.

Na goge a gabansa, na wayar da na shafin. Ya gyaɗa kai, amma ni da shi duk mun san wanda aka zagaye da ja yana cikin wayoyin da ba za mu taɓa gani ba.

Na yi makonni ban bi hanyar Maiyama ba. In baƙo ya tsaya a ƙofar shago yana kallona, sai in shige ciki. Yayata ta kwance kayanta, amma ta daɗe tana cewa ita dai ta ga hayaƙi. Da damina ta kusa na tsaya wurin Alhaji na tambaye shi labarin mutumin. Ya ce ya zo sau ɗaya bayan abin, da rawani ya rufe fuska, bai ko sauka daga babur ba. Ya shaida masa cewa an sake tare shi a wata kasuwa da hoton nan, da ƙyar ya sha. Daga nan suka tashi da rugar gaba ɗaya suka yi yamma. Alhaji bai san inda suka sauka ba.