Sitiyarin Motar Burodi

Shekara goma sha tara Sha-Kwana ya yi yana jan motar gidan burodi. A kan aikin ma ya samo sunan, don lungunan da yake kai kaya ba kowane direba ke shigarsu ya fito lafiya ba. Nan kwata a buɗe, can teburin mai shago ya cinye rabin hanya, ga turken wuta tsaye a bakin kwana kamar da gangan aka kafa shi. Shago arba'in da ɗoriya yake zagawa kowace safiya, amma ko madubi bai taɓa gogewa ba.

Motar tsohuwa ce, fara, mai ƙofa biyu a baya. Zamanin tsohon mai gidan, da zarar Sha-Kwana ya ce ya ji wata ƙara, kafin yamma tana gareji. Da tsohon ya rasu sai babban ɗansa ya hau kujerar, ma'aikata suka koma kiransa Manaja.

A shekarar ne sitiyarin ya fara kuka. In ya murɗa shi zuwa ƙarshe sai famfon man da ke sauƙaƙa juya shi ya kama ƙugi, da safe kuma a tarar jan mai ya ɗiga inda motar ta kwana. Ya gaya wa Manaja, Manaja ya ce a ƙara mai. Aka yi ta ƙarawa har motar ta koma shansa kamar ruwa. Da aka kira makanike, ya leƙa ƙarƙashi, ya ce tiyon da ke kai mai ne ya tsage, a canja shi a huta. Manaja, idonsa na kan waya, ya ce ba yanzu ba, a cire bel ɗin famfon kawai don kada ya ƙone. Makaniken ya gaya masa gaskiya, cewa motar da aka ƙera da famfo, in famfon ba ya aiki, ta fi wadda ba ta da shi tauri nesa ba kusa ba.

"Direbobin da, da wane famfo suka yi aiki?" in ji Manaja.

Sha-Kwana na tsaye aka cire bel ɗin. Ya ɗauka abin na mako guda ne.

Shekara biyu ya yi yana kokawa da wannan sitiyarin. A kan titi miƙaƙƙe da sauƙi, amma aikinsa duk kwana ne da ribas, ga mota cike da kaya. Sai ya tokare ƙafa, ya ɗaga daga kujera, ya rungumi sitiyarin da hannu biyu yana ja kamar mai janyo guga daga rijiya mai zurfi. Masu shaguna suka mai da abin barkwanci, suna tambayarsa yau wa ya ka da wani, shi ko motar. Yakan yi musu yaƙe ya sauke burodi. Ba watan da bai shiga ofis ya tuna wa Manaja ba, amsar dai guda ce: a ƙara haƙuri, ana sane.

Kafaɗar dama ce ta fara gazawa. Matarsa takan gasa masa da ruwan zafi tana faɗa, wai ko jaki in kaya ya yi masa yawa kwanciya yake yi. Shi kuma ya ce mata marigayi ya riƙe shi amana, ba zai bar burodin gidan ya kwana a tire ba. Ta ce marigayi dai ba shi ke sa masa riga da safe ba, ita ce.

Da hannun ya ƙi ɗaguwa ya je asibiti. Likita ya ce jijiyar kafaɗar ta yage, ya bar tuƙi. Manaja ya jajanta, ya ce dama tsufa ya zo, kwanan nan shaguna na ƙorafin burodi na isa a makare. Aka ba Sha-Kwana kujera a bakin ƙofa yana duba kaya, aka ɗauko wani ƙaton mutum da ya taɓa jan tirela.

Sabon direban bai wuce kwanar farko ba. Ya dawo da motar da ribas, ya shiga ofis ya dire makulli a kan tebur, ya ce shi tuƙi aka ɗauke shi, ba dambe ba. Burodi ya yi awa uku a tire, waya ta dami Manaja. Kafin rana ta take an sake kiran makaniken nan. Tiyo guda ya canja, ya mai da bel, ya zuba mai, ya yi ta juya sitiyarin hagu da dama har iskar ciki ta fita. Aikin bai kai awa biyu ba. Sha-Kwana na zaune a kujerarsa ya ga ƙaton ya fita da motar yana juya ta da tafin hannu ɗaya, ɗaya hannun a kan taga.

Sha-Kwana ya miƙe. Ya tare makaniken yana wanke hannu da fetur, ya tambaye shi ashe dama wannan ne kawai.

"Baba, ai a gabanka na faɗa," in ji makaniken. "Kai ne ba ka taɓa ajiye ta ba. Kullum burodi na isa, me zai sa ya gyara?"

Wannan maganar ta fi kafaɗar yi masa ciwo, domin ya rasa inda zai ƙaryata ta.

Ya shiga ofis ba sallama. Manaja ya fara cewa Baba zauna, Sha-Kwana ya ce ba zai zauna ba. Ya yi ƙoƙarin ɗaga hannun dama, hannun ya tsaya daidai ƙirji.

"Ka gani? Nan ya tsaya. Tiyo guda ka hana ni, shekara biyu. Kuma ka dubi idona ka ce tsufa ne."

Manaja ya shiga kame-kame, wai bai san abin ya kai haka ba, da an yi masa bayani sosai da tuni an gyara. Sha-Kwana ya tuɓe rigar aiki da hannun hagu, da ƙyar, ba wanda ya iya matsowa ya taimaka. Ya bar ta a kan tebur ya fita da singileti, masu kwaɓa fulawa sun yi cirko-cirko suna kallo.

Yanzu yana tsaron shagon taya na ƙanin matarsa, yana karɓar baƙi yana nuna musu kaya da hannun hagu. Fushin bai huce ba. In ya tashi zancen, rabi na Manaja ne, rabi nasa, kuma nasan ya fi zafi.

Bayan wata uku Manaja ya aiko da buhun burodi gidansa da saƙon gaisuwa. Sha-Kwana ya ce a mayar. Matarsa ta ce burodi bai yi wa kowa laifi ba, ta rarraba wa maƙwabta, ta ajiye biyu. Da safe ta yanka ta sa masa kusa da shayi. Ya shanye shayin, ya tura mata farantin, ya ce ta zo ta taya shi sa riga zai makara.